Yadda Firinsifal Ya Naɗa Ɗalibata Ciyaman

Aikin koyarwa na farko da na samu bayan na gama karatu, a wata makarantar kuɗi ne a Tudun Wada. Asalinta gidan haya ne, bene, aka rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna aka mai da su azuzuwa. Babu filin wasa. In an tashi tara, a baranda yara suke cunkushewa suna cin ƙosai da awara, mai sayarwa na miƙo musu ta ƙofar gida. Mai makarantar wani Alhaji ne da ke sayar da kayan gini a Kwangila, mutum mai sauƙin kai, wanda bai taɓa ɓoye wa kowa cewa bai yi boko ba. Sai ya danƙa makarantar a hannun ƙanin matarsa. Wannan ƙanin matar shi ne firinsifal ɗinmu.

Ban taɓa ganin mutumin da yake ƙishirwar a ce ya iya Turanci kamar mutumin nan ba. Ko a lokacin da zafi yake dafa Zariya, kwat yake sawa, da wannan igiyar da ake shaƙe wuya da ita, gumi na gangarowa ta bayan kunnensa. Aljihun gaban kwat ɗin kullum cike yake da jan biro. Abin da ya karanta ba wanda ya sani tabbas. Wasu sun ce harkar ajiyar kaya a sito ce, shi kuwa cewa yake yi ya karanci gudanarwa. Turancinsa irin na masu tallan magani a tasha ne, kalmomi tiƙa-tiƙa a jere kamar buhunan siminti, ba abin da ya haɗa ta farko da ta biyu. In ya tsaya a taron safe ya fara zubo su, yaran ƙananan aji su saki baki, manyan kuma su sunkuyar da kai suna cizon leɓe. Hausar da ya sha nono da ita kuwa, sai ya riƙa lanƙwasa ta kamar baƙo, wai ta fara kuɓuce masa. Alhali mun san gidansu a Tudun Jukun, iyakar tafiyarsa kuma Legas, ita ma rakiyar kayan Alhaji ya yi.

Yana da wata ɗabi'a ta sanɗa. Takalminsa ba ya ƙara. Kana tsakiyar darasi, sai dai ka ga inuwa ta taga, ka san yana laɓe yana sauraro, yana neman abin da zai gyara.

Ni aka ba wa Turancin 'yan aji biyar na sakandare. Ranar da abin ya fara, darasinmu shi ne bambancin abin da ya faru da gaske da abin da mutum yake buri ko yake ƙiyastawa. Darasi ne da ke ba yaranmu wahala, ba kuwa don ba su da abin a harshensu ba. Bahaushe gwani ne a nan. Na ce musu, idan kaka ta ce, "Lokacin da nake yarinya na je Kano a jirgin ƙasa," labari take bayarwa, ta je ɗin. Idan kuwa ta ce, "Da ni yarinya ce, da na je Kano a jirgin ƙasa," to tana nan zaune a kan tabarmarta, gwiwa na ciwo, ba inda za ta. Wannan 'yar ƙaramar kalma, da, ita ce ta raba tarihi da buri. Shi ya sa ma ake cewa da-na-sani ƙeya ce.

Na ce shi Bature ba shi da wannan da ɗin namu. Abin da yake yi shi ne ya ari rigar shuɗaɗɗen lokaci ya sa wa abin da bai faru ba, shi ya sa kuke rikicewa. Na rubuta a allo: I was in Kano last year. Na ce wannan ya faru. Na rubuta a ƙarƙashinsa: If I were in Kano now, I would visit my aunt. Na ce wannan bai faru ba, mai maganar yana nan Tudun Wada tare da mu. Na ƙara da I wish I had gone, na ce wannan kuma nadama ce, ba a je ba, lokaci ya wuce.

Muna cikin haka ɗaya daga cikin ƙananan jiragen nan na masu koyon tuƙi da ke shawagi a saman gari ya wuce, ƙararsa ta cika ajin. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce shi da direban jirgi ne da Makka zai nufa. Muka haɗa jimlar tare, na rubuta ta da manyan baƙaƙe: If I were a pilot, I would fly to Makkah.

A layin gaba akwai wata yarinya, 'yar wani ma'aikacin gwamnati, siririya, ba ta da yawan magana. In dai ta ɗaga hannu, to tambayar mai nauyi ce. Ta ce, "Malama, ke nan wannan were ɗin kamar tuta ne? Yana gaya wa mai sauraro kada ya ɗauka da gaske ne?"

Na ce, "Kin gama darasin."

Ban rufe baki ba sai ga firinsifal a bakin ƙofa. Yara suka miƙe suka gaishe shi. Bai amsa ba. Ya tako har gaban allo, hannuwa a baya, ya ƙura wa jimlar direban jirgi ido kamar likitan da ya gano cuta.

"Malama, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Ya ɗauki tsumman goge allo ya share were, ya karɓi alli daga hannuna ya rubuta was, ya ja masa layi biyu. Sannan ya juyo ga yara. "I was. You were. We were. Wannan tun aji uku na firamare aka gama shi. Mutum ɗaya ba ya ɗaukar were. Ku maimaita."

Suka maimaita, murya a sanyaye, idanunsu na kaina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan wani babi ne daban. Idan abu bai faru ba, ana ƙiyasta shi ne kawai…"

Ya ɗaga mini tafin hannu kamar mai ba da hannu a kan titi. "Kada ki yi mini musu a gaban yara. Na fara jin Turanci tun ba a yaye ki ba." Ya kaɗe allin da ke hannunsa ya fita, yana tafiya kamar wanda ya ceto rai.

Bayan an tashi na ɗauki littafin da makarantar da kanta ta sa iyaye suka saya, na same shi a ofis, na buɗe shafin na ajiye a gabansa. Ko kallonsa bai yi ba. Ya ce littattafan yanzu duk jabu ne, a bayan kasuwa ake buga su. Washegari na kawo wani littafin, nawa na kaina wanda na yi karatu da shi. Ya ce ai masu buga littafi ɗaya ke kwafa daga ɗaya, in na farko ya yi kuskure shi ke nan an gada.

Da a ce mutumin nan ya gaya mini cewa Turawa da yawa suna cewa If I was a hirarsu ta yau da kullum, da na ce gaskiyarka, ranka ya daɗe, amma masu jarrabawa were suke so, kuma yaran nan jarrabawa za su rubuta. Da mun yi hira irin ta malamai. Amma bai san wannan ba. Bai ma san akwai wani abin da za a sani a wurin ba. Abin da ya haddace yana ɗan shekara takwas shi ne iyakar duniya, duk abin da ya wuce nan ɓarna ce.

A taron malamai na ƙarshen mako ya tayar da maganar, ba tare da ya ambaci sunana ba, wai akwai masu takardar shaida da ba su da abin da takardar ta ce. Mu biyu ne malaman Turanci a makarantar. Ɗayan wani saurayi ne mai koyar da 'yan aji shida, ya yi digiri, ya san abin sarai, don mun sha zama muna tsara darasin tare, shi ne ma ya ba ni misalin kaka da jirgin ƙasa. Firinsifal ya juya gare shi.

"Malam, kai ma Turanci ka karanta. Mutum ɗaya, was ne ko were?"

Malamin ya dubi takalminsa, ya gyara zaman hularsa. Ya ce, "Ai ranka ya daɗe, yadda ka faɗa haka yake."

Da muka fito ya tare ni a matakala, yana waige-waige. "Malama, ki yi haƙuri fa. Kin san yanayin wurin nan. Ni ina da iyali."

Na wuce shi na sauka. Kowa ya san kujerar mataimakin firinsifal ce babu kowa a kanta, kuma ita yake hari. Jahilcin firinsifal zan iya cewa ƙaddara ce, haka Allah ya yi shi, kai kamar ƙwarya a kife. Amma wanda ya sani ya take, don a ƙara masa kujera mai hannu, ban san sunan da zan kira shi da shi ba. Tun daga ranar, in ya yi mini sallama ina amsawa saboda haƙƙin sallama ne kawai.

Na ci gaba da koyar da abin yadda yake. Yara suka tambaye ni wanne za su rubuta, nawa ko na firinsifal. Na ce musu ranar jarrabawa ba shi zai duba takardarku ba. Suka gane. In inuwa ta bayyana a taga, sai ajin ya yi tsit, in ta wuce mu ɗora daga inda muka tsaya.

A zango na biyu aka gayyaci makarantarmu gasar jawabi ta makarantun kuɗi, a wani zauren taro kusa da unguwar Kongo. Kowace makaranta za ta kawo ɗalibi ɗaya ya yi magana a kan If I were the chairman of my local government, wato da ni ne shugaban ƙaramar hukumarmu. Da firinsifal ya ga taken, sai ya girgiza kai ya ce abin ya kai har masu shirya gasa ba su iya rubutu ba, zai ja musu kunne in ya je.

Yarinyar nan ta layin gaba muka zaɓa. Mun daɗe muna shiri, kullum bayan an tashi. Ban rubuta mata ko jimla ɗaya ba, nawa gyara ne kawai. Abubuwan da ta kawo duk daga unguwarsu ta ɗebo su: kwatar layinsu da ke toshewa duk damina har ruwa ya shiga ɗakuna, asibitin da mahaifiyarta ta haihu da hasken fitilar waya, bolar da ta kusa cinye hanyar makarantar firamare, da makarantun da 'yan mata ba su da banɗaki. Kowane sakin layi da If I were the chairman yake farawa, sai ta bi shi da I would, ta faɗi abin da za ta yi. Ta rufe da I wish our leaders had listened to us, wato da ma shugabanninmu sun saurare mu. Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da mutum, sai ga ta tana tsayawa a gaban aji tana magana har da nuni da hannu. Ta haddace jawabin tsaf.

Ana gobe gasa firinsifal ya aiko a kai masa takardar, wai zai sa mata albarka, ya kuma ba da a buga ta da na'ura don kada a ce makarantarmu da rubutun hannu ta zo.

Da safe muka taru a ƙofar makaranta, an yi hayar bas. Na ga yarinyar a gefe, idanunta sun yi ja. Na ce lafiya? Ta miƙo mini takarda, fara fes, an buga ta da kyau. Na karanta layin farko. When I was the chairman, I cleared the gutters. Na gangara ƙasa. I built a hospital. I gave toilets to all the schools. Can ƙarshe, inda ta yi nadama a madadin shugabanni, an mai da shi Our leaders listened to us. Jawabin yarinya mai buri ya koma jawabin tsohon ciyaman mai neman a sake zaɓensa.

Na same shi a bakin bas yana ba direba umarni da Turancin da direban bai ji ba.

"Ranka ya daɗe, me ya sami jawabin nan?"

Ya yi murmushin mai ilimi. "Na ceto ku ne. Na farko, were kuskure ne, mun gama wannan. Da na mai da shi was, sai na ga sauran ba su dace ba. Was shuɗaɗɗe ne, dole abokan tafiyarsa su zama shuɗaɗɗu. Shi kuma if ɗin nan da kuka cika takarda da shi, kalmar masu shakka ce. Alƙalai ba sa son mai kame-kame. Shugaba da ƙarfin gwiwa yake magana."

"Ranka ya daɗe, yarinya ce 'yar aji biyar. Takardar nan cewa take yi ta taɓa yin ciyaman, har ta gina asibiti."

"Salo ne, Malama. Ba ki kai nan ba tukuna."

A cikin bas na zauna kusa da ita. Na yi ƙasa da murya na ce, "Kin haddace namu. Ki faɗi namu, duk abin da ya biyo baya ni zan ɗauka."

Ta ce, "Malama, ya ce in na canza ko kalma ɗaya zai kore ni, kuma zai gaya wa Baba na yi masa rashin kunya a gaban jama'a." Ta juya tana kallon titi.

Zauren ya cika da ɗalibai, kowace makaranta da kalar kayanta. Alƙalai na zaune a gaba, shugabarsu wata dattijuwa Kirista daga Wusasa, tsohuwar shugabar makaranta da ta yi ritaya, kanta fari fat, tabarau a kan karan hanci. Aka fara kiran makarantu. Duk yaron da ya hau, da If I were yake buɗe baki. Duk sanda aka faɗa, sai firinsifal ya ja tsaki ya taɓa malamin nan na aji shida da gwiwar hannu ya ce, "Ka ji ko? Cutar ta game gari." Shi kuma ya gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Aka kira mu. Yarinyar ta hau, ta gaida alƙalai da murya mai daɗi. Ta ɗaga kai ba ta kalli takardar ba. Na ji ta ce, "If I…" Sai firinsifal ya yi gyaran murya mai ƙarfi, ya ɗaga tasa takardar sama yana kaɗa ta. Ta tsaya. Ta dube shi, ta dube ni. Sannan ta sunkuyar da kai ta fara karantawa.

Da farko zauren shiru ya yi, mutane na zaton tuntuɓen harshe ne. Da ta ce ta yashe kwatoci, aka fara ƙus-ƙus. Da ta ce ta gina asibiti, dariya ta ɓarke daga baya ta gangaro gaba. Wani yaro ya miƙe ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Sai Ciyaman! Saura gwamna!" Wani ya ce, "Ranki ya daɗe, a tuna da layinmu!" Malamai na tsawatarwa, su ma suna danne tasu dariyar.

Shi kuwa gogan naka ya ɗauka yabo ne. Wallahi tafi ya fara yi, yana juyawa hagu da dama yana washe baki, yana nuna ƙirjinsa da yatsa don a san aikin wane ne.

Yarinyar ba ta gudu ba. Sai da ta kai ƙarshe, har wurin da aka sa ta ce shugabanni sun saurare mu. A nan ne dariyar ta fi ƙarfi. Ta juya za ta sauka, sai dattijuwar nan ta ɗaga hannu. Zauren ya yi tsit.

"'Yata, dakata. Wa ya rubuta miki wannan?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"To, bar shi. Kin san bambancin if I were da when I was?"

"Na sani, Mama."

"Faɗa mini jimlarki ta farko yadda kika so ki faɗe ta."

Ta share hawaye da gefen hijabi. Ta faɗe ta daidai, ba gargada, If I were the chairman, I would clear the gutters before the rains. Dattijuwar ta gyaɗa kai. Ta sauke tabarau ta dubi layin da muke zaune, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Malaman makarantar nan, ku ji tsoron Allah a kan yaran mutane." Maki kuwa a kan abin da aka gabatar ake ba da shi, don haka mu ne na ƙarshe.

Na zaci kunya za ta rufe masa baki ko da na yini ɗaya ne. Ina! Bas bai bar Kongo ba ya juyo daga kujerar gaba ya ce, "Malama, kin ga abin da kika jawo mana?" Kafin mu iso Tudun Wada labari ya gama sauyawa a bakinsa. Wai shi bugawa kawai ya bayar, mai na'ura ne ya yi shirme, ni kuma ban horar da yarinya yadda za ta gane shirme ta kauce masa ba. Yarinyar na bayansa tana jin komai.

Ranar Litinin mahaifinta ya zo, ya ce ba firinsifal yake son gani ba, mai makaranta yake so. Aka kira Alhaji daga shago, ya zo da ƙurar siminti a bakin rigarsa. Aka kira ni, aka kira malamin nan a matsayin shaida. Firinsifal ya riga kowa magana, ya ɗora mini laifin duka. Alhaji ya tambayi malamin, ya ce shi gaskiya bai ga lokacin da aka yi gyaran ba, saboda haka ba zai iya cewa komai ba. Mutumin da yana tsaye a bakin bas aka yi mini bayanin salo.

Mahaifin yarinyar mutum ne mai sanyin magana. Bai ko kalli firinsifal ba. Ya ce, "Alhaji, bari in faɗa maka da Hausa. An ce yarinya ta faɗi abin da za ta yi da ita ce ciyaman. Shi kuma ya sa ta tsaya a gaban jama'a ta ce ta yi ciyaman ta gama, har ta gina asibiti. 'Yata ba ta yi mini ƙarya. Ta ce shi ne, da jan bironsa, a gabanta."

Dariya ta kuɓuce wa Alhaji kafin ya ankara, ya yi sauri ya mai da ita tari. Ya dubi surukinsa ya ce, "Kai, ashe haka aka yi?"

Firinsifal ya miƙe ya shiga zubo Turanci, buhu a kan buhu. Ba wanda ya tanka masa. Da ya gaji ya zauna, Alhaji ya ba mahaifin yarinyar haƙuri, ya ce za a duba. Mutumin ya ce ba sai an duba ba, a ba shi takardun 'yarsa kawai. A ranar ya tafi da ita.

Alhaji ya tsayar da ni a bakin ƙofa bayan kowa ya watse. Ya ce, "Malama, na gane komai, ba sai kin yi bayani ba. Amma ƙanin Hajiya ne. In na taɓa shi, ba ni ba cin tuwo cikin kwanciyar hankali. Ki daure."

Na daure har ƙarshen zango saboda sauran yaran, sannan na ajiye aikin. Na samu koyarwa a wata makarantar gwamnati, inda aji ya fi cika, benci ya fi ƙaranci, amma ba mai laɓewa a taga. Malamin nan ya samu kujerar da yake so tun kafin shekara ta zagayo. Wata malama da muka saba da ita a can ta ba ni labarin cewa bayan tafiyata firinsifal ya karɓi were hannu biyu, ba tare da ya taɓa cewa ya yi kuskure ba. Sai dai tunda bai san dalilinsa ba, ko'ina cusa shi yake yi. A taron safe aka ji shi yana cewa When I were in Lagos, mataimakinsa na tsaye a bayansa yana gyaɗa kai.

Yarinyar kuwa sunan ya bi ta. Yaran da suka je gasar suka kai shi unguwa, daga unguwa ya bi ta sabuwar makarantarta. Ban sake ganin ta ba sai bayan shekaru, ranar da na kai Innata asibiti a duba mata hawan jini. Muna zaune a benci na ji wata ma'aikaciya ta leƙa wani ɗaki ta ce, "Ciyaman, ga masu awo sun taru." Sai ga ta ta fito cikin fararen kaya, ta yi jiki, fuskar dai ita ce. Ta gane ni tun daga nesa, ta zo ta durƙusa ta gaida Inna, ta gaishe ni.

Na ce, "Har nan sunan ya biyo ki?"

Ta yi ɗan murmushi. "Wata da muka yi makarantar jinya tare ce ta kawo shi. Su nan sun ɗauka don ina da tsare gida ne. Na bar su a haka."

Ta shigar da mu ɗakin awo, ta zaunar da Inna, ta naɗe mata hannun riga. Tana warware abin awon ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malama, firinsifal yana nan?"

Na ce, "Yana nan. An ma ƙara wa makarantar hawa ɗaya."

Ta ja dogon tsaki, har Inna ta ɗago kai ta ce lafiya, ko jinin ne ya hau sosai? Ta ce, "A'a, Inna, ban ma fara ba. Saki hannunki, kada ki yi magana sai na gama."